Kunnen Maliki

Ranar da Maliki ya zaɓi aikinsa, ruwa ake yi irin na Badun, wanda ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Tun asuba ake yayyafi. Kwatocin Sabo, unguwar Hausawa, sun cika sun tumbatsa, masu goro sun janye huhunansu cikin zaure suna tsaki, masu tsire sun rasa inda za su hura wuta. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Maliki yana zaune a shagon gyaran rediyo na Oga Udeze a Mokola, da ƙarfen dalma a hannunsa, sai mutum biyu suka zo nemansa, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar.

Amma bari a fara sanin Malikin tukuna.

Ɗan ƙanwar Alhaji Sammani ne, maigidan goro, wanda fataken Kano da na Sakkwato suke sauka a gidansa. Uwar ta rasu yana ƙarami, Alhaji ya riƙe shi. A Sabo ta wancan zamani yaro hanya biyu gare shi, ko ya bi goro ko ya bi shanu. Maliki bai bi ko ɗaya ba. An kai shi wajen tsince goro, ya kasa bambanta mai tsutsa da mai lafiya. An kai shi kara, saniya ta taka masa ƙafa. Abu ɗaya Allah ya ba shi, kunne. Mota tana can gangaren Mokola zai ce ta wane ce, ya kuma ce injinta ba shi da lafiya, in ta iso a tarar haka ne.

A Sabo kuwa ba dukiya kaɗai ke ba mutum wuri a tabarma ba, har da labari. Wanda ya riga kowa jin goro ya yi tsada a Kano, ko garke ya maƙale a Jebba, ko gada ta karye a hanyar Ilori, shi ake matsa wa ya zauna kusa da maigida, shi ake fara miƙa wa shayi, kowa ya yi tsit yana kallon bakinsa. Maliki ya girma a bakin tabarmar nan, inda ake cire takalma, yana kallon masu labari. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma wurin nan nasu shi yake so a rayuwarsa.

Oga Udeze Ibo ne, amma a Zariya aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Sabo tsabta. Ya yi aikin buga tangaraho a gidan waya har ya yi ritaya, ya auri Bayarabiya, ya buɗe shago. Shi ke karanta wa Alhaji Sammani wayar da aka bugo masa daga Arewa, Alhaji kuma kowace Juma'a sai ya aika masa da farin goro. Da Alhaji ya rasa yadda zai yi da Maliki, sai ya kai shi shagon ya ce, "Udeze, ga wannan. Goro ya ƙi shi, saniya ta ƙi shi. Gwada shi da ƙarfe."

Su biyu Udeze ya koya wa aiki, Maliki da Emenike, ɗan ƙanensa. In gyaran rediyo ya lafa, sai ya ciro tsohon ƙarfensa na buga waya ya zaunar da su. Ƙofar tarago ta taɓa datse masa yatsa yana saurayi, saboda haka bugunsa ɗingishi yake yi: ya tafi sumul, in ya zo ƙarshen kalma sai ya ɗan ja, kamar gurgu ya iso bakin ƙofa. Ba ya kuma barin yaro sai ya buga daidai yadda shi ya buga. In ka kauce, rula a bayan hannu.

"Yadda na yi za ka yi, Bahaushen banza. Dakan sakwara na sa ka?"

Shi ne ya gaya musu kowane mai buga waya yana da hannunsa, kamar yadda kowa ke da muryarsa. Ya ce a gidan waya yakan gane wanda ke bugowa daga Kaduna, har ya gane ko ya yi faɗa da matarsa ranar. Wannan magana ta zauna wa Maliki a rai.

To, mai zuwan hantsi manajan wani kamfanin Turawa ne da ke Dugbe, masu sayar da rediyo da talabijin. Bayarabe ne, da kwat da laima, ya tsaya a bakin ƙofa don kada dauɗar shago ta taɓa shi. Ya ce sun ji labarin Maliki. Albashi mai kauri, babur na kamfani, asibiti kyauta har da iyali, in ya yi ƙoƙari a tura shi Ikko kwas. Maliki ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Me zan riƙa gyarawa?"

"Abin da kake gyarawa nan, sai dai namu sababbi ne, na manyan mutane."

Maliki ya dubi akwatin da ke buɗe a gabansa. Kwalbar cikin rediyo ta ƙone, a cire a sa wata, a rufe, mai shi ya ɗauka ya je ya ji kiɗa. Ya ce zai yi shawara.

Mai zuwan azahar ba shi da laima. Wani siririn mutum ne cikin 'yar shara, ya jiƙe sharkaf, bai kuma kawo rediyo ba. Ya ce sunansa Mahmuda. Bai ce shi sufeto ne na 'yan sandan ciki ba, sai daga baya Maliki ya sani. Ya ce, "An ce kai ne mai kunne. Zo ka ji wani abu, in ka ji ka dawo."

Ya kai shi a mota wani gida marar allo a bayan Agodi. A ɗakin ciki injuna ne jere, wasu sun kai tsayin mutum, fitilunsu suna ƙyaftawa, ɗumin kwalabe ya kori sanyin ruwan. Mahmuda ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya ce ya murɗa. Maliki ya murɗa. Ya ji jirgin ruwa a tsakiyar teku yana kiran Ikko. Ya ƙara murɗawa, ya ji Faransanci daga Kwatano. Ya ƙara, ya ji wani can nesa, Allah kaɗai ya san inda yake, yana buga waya da gaggawa kamar ana bin sa. Har aka kira la'asar bai cire abin ba.

Mahmuda ya ce, "Na san waɗanda suka riga ni zuwa. Albashinmu bai kama ƙafar nasu ba. Babu babur. Ba wanda zai gode maka, ba ma wanda zai san kana yi. Amma abin da gari zai ji jibi, kai yau za ka ji shi."

Da ya koma shago ya gaya wa ogansa, Udeze ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Je ka kamfani, Maliki. Kamfani in sun gaji da kai, kora ce kawai. Waɗannan in sun gaji da mutum ban san abin da suke yi ba, ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ba da labari ba."

"Oga, ba ka ga injunan ba ne."

"Na ga idonka, ya ishe ni."

Alhaji kuwa ce masa aka yi yaronsa ya sami aikin gyaran fankokin gwamnati. Ya ce Allah ya sa albarka, ya nema masa auren Raliya, 'yar wani dillalinsa, ya ba su ɗaki a sashen baya.

Waɗanda suka ji zancen kamfani sun ce wauta ya yi, ya bar babur ya kama tafiyar ƙasa. Amma ba shi kaɗai ba ne. A ɗakin nan akwai wani injiniya Bayarabe da ya yi karatu a Ingila, kamfanin mai yana ta bin sa, ya ƙi. Shi cewa yake a kamfani sai dai ya kwance abin da Bature ya ɗaura, nan kuwa in ya ce a ƙera, ƙerawa ake. Akwai wani tsohon soja mutumin Makurɗi, shi ƙasa yake yi wa, ya kuma yarda da haka har zuciyarsa. Kowa da abin da ya kawo shi. Maliki bai zo don ƙasa ba, bai zo don fansho ba. Ya zo ne don ya riga kowa ji.

Ya kuwa riga kowa. Sai dai ranar farko an sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa abin da ya shiga kunnensa ba zai fita ta bakinsa ba. Wannan ne bai hango ba. Ranar da sojoji suka yi juyin mulki na fari, shi ya san abin da ya faru a Kaduna da Ikko tun gari yana ƙila-wa-ƙala. Ya dawo Sabo da yamma, ya tarar da Ɗanliti ɗan kamasho a tsakiyar tabarma, kusa da Alhaji, yana zuba ƙarya iri-iri, ana ta miƙa masa shayi. Maliki ya zauna wajen takalma, gaskiyar tana cikinsa kamar ya haɗiye garwashi. Wani ya juyo ya ce, "Kai mai fanka, ba ka ji komai ba a ofis?" Ya ce bai ji ba. Aka yi dariya.

Haka ya yi ta zama. Ya daina fara'a. Raliya in ta tambaye shi ya aiki, sai ya daka mata tsawa. Shagon Mokola ma ya daina leƙawa, wai aiki ya hana, har ya daɗe ƙwarai bai sa ogansa a ido ba. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da zai iya ce masa sannu, ka yi aiki, shi ne Mahmuda. Mahmuda kuwa ya san haka, yana ba shi sannun kaɗan-kaɗan.

Sai ƙasa ta rikice. Aka yi kashe-kashe a Arewa, Ibo suka yi ta kwasar kaya suna komawa Gabas, har da na Badun. Emenike ya tafi. Udeze ya ƙi. Ya ce shi Zariya ya sani, Badun ya sani, can kuwa ko hanyar rafi bai sani ba. Da yaƙi ya ɓarke, cikin daminar farko sojojin Biyafara suka tsallako har Ore, mutanen Badun suka ɗauka gobe za su shigo. Aka fara tsintar Ibo a kan titi. Wasu 'yan iska suka fasa shagon Mokola, suka kwashe akwatunan mutane.

Alhaji Sammani bai yi shawara da kowa ba. Ya aika aka zo da Udeze cikin motar goro, aka sa masa riga da hula, aka ba shi ɗaki cikin ɗakunan fatake, bayan inda ake jibge huhuna. In an tambaya, Malam Audu ne, Bazazzagi, ya zo jinya. Matarsa ta koma gidan iyayenta a cikin gari.

Duk Sabo an san ko wane ne Malam Audu, ba wanda ya ɗaga ido. Dokar unguwar ke nan tun kafuwarta: wanda ya sauka a gidan maigida amana ne, shi da kayansa. Ba a tambayar abin da ya koro shi, ba a nuna ɗakinsa, ko ɗan sanda ne ya zo, ko mai bin sa da wuƙa. A kan wannan kasuwancin Sabo ya tsaya, don ba mai baro Kano da dukiyarsa ya sauka inda ake miƙa baƙo. Raliya ce ke yi masa tuwo. Tsakanin ɗakinsa da na Maliki katanga ce kawai. Maliki yana jin tarinsa, ya kuma gane tarin, amma bai taɓa zagayawa ya gaishe shi ba.

A ofis kuwa hankali ya tashi. Wata sabuwar waya ta ɓullo, ana buga ta da hantsi da kuma kafin la'asar, cikin haruffan ɓoye da ba wanda ya iya kwancewa. Injin da ke gano inda sauti yake fitowa ya tsufa, ga hadari kullum, yau ya nuna dajin Ore, gobe ya nuna kamar cikin Badun. Ikko ta matsa: in akwai mai yi wa 'yan tawaye leƙen asiri a cikin gari, a fito da shi. Mahmuda ya tara su, ya sa aka kunna abin da aka ɗauka a rikoda.

Maliki ya rufe ido. Bugu ya tafi sumul, ya zo ƙarshen kalma, ya ja. Ya sake tafiya, ya sake ja. Wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda bai ji ba tun ranar ruwan nan. Ga injiniya, ga tsohon soja, ga sufeto, duk sun yi zuru, shi kaɗai ya sani. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"Ai wannan hannun Oga ne!"

Mahmuda ya kashe rikodar.

"Wane Oga?"

Nan Maliki ya ji abin da ya faɗa. Ya so ya haɗiye, ba hali. Ya faɗi sunan a hankali.

Injiniyan ya girgiza kai, ya ce da Turanci wannan ba hujja ba ce, ba a kama mutum don bugunsa ya yi kama da na wani, kunne ba ma'auni ba ne. Da ya yi shiru da ya fi, domin maganar ta soki Maliki inda ba ya so.

"Ba kama ba ce, shi ne. A gabansa na tashi. In ba shi ba ne a yanke kunnen nan."

"To madalla," in ji Mahmuda. "Yana ina?"

Maliki ya dubi ƙasa. Ya tuna tarin bayan katanga. Ya tuna Alhaji. Mahmuda ya sallami sauran, ya jawo kujera ya zauna dab da shi, ya yi magana a hankali kamar mai lallashi.

"Maliki, tun da ka zo nan kake jiran ranar da za ka faɗi abin da ba wanda ya sani, a saurare ka. Ka ɗauka ban gani ba? To ga ranar. Ni ina sauraro, Ikko tana sauraro. In kuwa kunnen ne ya yi ƙarya, ba komai, akwai fankoki na gaske a sakateriya, suna neman mai gyara."

Maliki ya faɗa. Har ƙofar ɗakin sai da ya kwatanta.

Bayan la'asar suka je da motoci. Mahmuda ya sa shi a gidan baya na tasa motar, wai don ya tabbatar da fuska. Alhaji Sammani yana zaure da carbi, ya miƙe ya tsaya a ƙofa, ya buɗe hannuwa.

"Lafiya, samari?"

"Inyamurin da ka ɓoye muke so."

"Ba ni da Inyamuri. Baƙo gare ni."

Wani kofur ya sa gindin bindiga ya ture shi. Dattijon ya faɗi zaune cikin taɓo, rawaninsa ya warware, ba wanda ya isa ya ɗaga shi. Suka shiga. Suka yi ta farke huhuna da wuƙar bindiga suna neman injin waya, goron fatake ya watse a tsakar gida, suna bi suna takawa. Ba su sami komai ba sai 'yar rediyo mai batir. Suka fito da Udeze, hular ta faɗi, rigar ta yi masa yawa.

Da za su ɗaure shi ya miƙa hannuwa, Maliki ya gani ta gilashi. Yatsun sun kumbura sun karkace kamar ɗanyar citta. Ciwon gaɓɓai ne, ya daɗe yana cin sa, ko cokali da ƙyar yake riƙewa. Da Maliki ya taɓa zagaya katangar nan, da ya sani. Ya gaya wa kansa laimar ɗaki ce, kumburin kwanan nan ne.

Aka wuce da tsohon ta gefen motar. Ya leƙo, ya gane shi. Bai yi ihu ba, bai zage shi ba.

"A'a, Maliki, kai ne? Ka rame. Ba sa ba ka abinci a wajen injunan?"

Aka tura shi cikin ɗaya motar. Jama'ar Sabo sun cika titi, duk sun ga wanda ke zaune a gidan baya.

Washegari Mahmuda ya dafa kafaɗar Maliki a gaban kowa ya ce, "Sannu, ka yi aiki." Aka ƙara masa girma, aka ba shi injin da ya fi kowanne ji, shi kaɗai.

A kan injin nan ne, bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ya murɗa ya ji ta. Bugu sumul, ƙarshen kalma, ja. Udeze yana kulle, ga hannunsa a iska garau, ya ma ƙara nisa wajen gabas, yana bin sojojin da ke ja da baya. Maliki ya zauna kamar an dasa shi. Sai ya lura da yatsansa a kan tebur, yana bin bugun shi kaɗai, yana ja inda ake ja. Ya tuna rula. Su biyu aka doka a bayan hannu har suka koyi ɗingishin da ba nasu ba. Emenike ne.

Maliki ya sami Mahmuda a ofishinsa yana ɓare lemo.

"Yallaɓai, an yi kuskure. Ba tsohon ba ne. Wayar ta dawo, ga ta can ana bugawa. Yaronsa ne da ya tafi Gabas. Mu biyu ya koya wa, duk hannunmu ɗaya."

Mahmuda bai daina ɓare lemonsa ba.

"An riga an gaya wa Ikko Badun ta kama nata. Sun yi murna. Ku biyu, ka ce?"

"Mu biyu, yallaɓai."

"Ɗaya yana Gabas. Ɗayan fa?"

Ya jawo ƙarfen buga waya daga gefen tebur, ya tura shi gaban Maliki.

"Ɗan buga mini sallama in ji."

Maliki ya zura hannuwansa cikin aljihun riga.

"To ka gani," in ji Mahmuda. "Ko dai tsohon muka kama daidai, wannan na yau kuma wani ne daban, ko kuwa in sa a binciki duk mai irin hannun nan a Badun, a fara da wanda ya yi ta kwana a bayan katangarsa bai faɗa ba sai da aka tambaye shi. Kai ne mai kunne. Wanne ne?"

Ana jin ƙugin injuna ta bayan bango.

"Wani ne daban, yallaɓai."

"Haka na zata. Ungo lemo."

Ya karɓa. Ya kuwa sha.

Udeze bai ga ƙarshen daminar ba. Suna ta tambayarsa inda ya ɓoye injin, shi kuwa ba shi da abin da zai nuna. Matarsa ta yi ta zarya da kwanon abinci, kullum a karɓa a dawo mata da shi wankakke, har ranar da wani mai gadi ya ce ta daina wahala, an daɗe su ne ke cinyewa. Ba a ba ta gawa ba.

Gidan Alhaji Sammani ya mutu a tsaye. Labari ya riga goro isa Kano: an fitar da baƙo daga gidan, ɗan gida ne kuma ya nuna ɗakin. Fatake ba su yi masa gori ba. Sun zo sun yi jaje, sannan suka sauke kayansu a gidan maƙwabci. Alhaji bai kori Maliki ba, bai tsine masa ba. Ya dai tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Ashe ba fanka ba ce." Daga nan bai ƙara yi masa magana ba har ya rasu.

Mutanen Sabo ba su doki Maliki ba, wa zai taɓa mutumin gwamnati ana yaƙi? Ranar da ya fara komawa tabarma, yana isowa sai aka dare. Aka matsa masa, wuri mai faɗi, can gaba inda masu labari ke zama. Ɗanliti da kansa ya zuba shayi ya miƙa masa da hannu biyu.

"Bismilla, ranka ya daɗe."

Sannan kowa ya yi tsit. Ba mai maganar goro, ba mai maganar yaƙi, ko ruwan sama ba a ambata ba. Suna kallon bakinsa, shi kuwa ba shi da abin da aka yarda ya faɗa. Sai da ya tashi ya sha kwana ya ji hira ta ɓarke a bayansa, kunnensa kuwa ba ya barin komai. Haka aka yi masa kashegari, haka aka yi ta yi masa shekara da shekaru. A gida ma Raliya ba ta bar shi ba, ta haifa masa 'ya'ya, amma in tana hira da mata ta ji takunsa, sai ta yi shiru.

Wayar mai ɗingishi shi aka ɗora wa sauraronta, tunda ya fi kowa saninta. Ya bi ta har yaƙi ya kusa ƙarewa, kullum tana ƙara nisa tana ƙara rauni, duk wanda ya tambaye shi kuma ya ce wani ne daban. Wata rana da hantsi ta tsaya a tsakiyar kalma, ba ta kai inda ake ja ba. Ba ta sake dawowa ba.

Bayan yaƙi manajan Dugbe ya sake aikowa, kasuwar talabijin ta buɗe, suna neman ƙwararru. Raliya ta roƙe shi, ta ce ko don yara. Ya ƙi. Ya ce mata akwatin kamfani abin da kowa ke ji shi yake kamawa. Watakila gaskiyarsa ke nan. Watakila kuma ya duba ne ya ga in ya bar gidan nan marar allo, babu sauran inda za a yi magana a gabansa. Ya zauna har ya yi ritaya. Ya koya wa sababbin ma'aikata da yawa sauraro, sai dai bai taɓa yarda ya koya wa kowa bugu ba.

Maliki yana nan Sabo har yanzu, a ɗakin nan na sashen baya, gaban gidan an yanka shi shaguna. Raliya ta rasu, 'ya'yan suna Kaduna da Ikko. Kunnuwan sun mutu duka biyu, ko kiran salla sai ya ga mutane sun tashi yake sani. Bayan la'asar yakan zauna shi kaɗai a kan benci gefen masallaci, yatsansa yana buga gwiwarsa.